Hitar Motata Da Ke Hura Sanyi: Laifin Bakanike Ne Ko Namu?

 Yau ba maganar kasuwa zan yi ba kamar yadda na saba. Maganar mota ce, kuma na san da jin an ce hita wasu za su yi murmushi su ce Malam ya rasa abin faɗa, yana zancen abin ɗumama mota. To a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin wannan 'yar hitar da muke rainawa ta kusa jawo mini ɗaukar rai, kuma ta daɗe tana ci mini kuɗi ban sani ba.

A 2019 na sayi motata, Corolla ce 'yar Beljiyam, irin wadda ta sha duniya kafin ta iso hannun talaka. Kamar yadda kowa ke yi, ban kai ta gida ba sai da na biya da ita gareji a Kano, aka ce za a yi mata "gyaran ƙasa". Mai karatu ya san abin da ake nufi. Bakanike ya buɗe bonet, ya kwance wani wuri, ya ciro wani ɗan ƙarfe mai sifirin wanda bai fi cikin tafin hannu ba, ya ɗaga mini ya ce, "Alhaji, ka ga wannan? Tamostat ke nan. Na ƙasar sanyi ne, Turawa suka sa saboda ƙanƙara. A nan shi ke ƙona inji." Ya wurga shi cikin tarkace. Ya haɗa fanka dairek, wato da ka murza makulli ta fara juyawa ba tsayawa. Sannan ya leƙa bayan inji ya ga tiyo biyu da ke shiga cikin mota, ya ce ai waɗannan na hita ne, wa ke buƙatar hita a Najeriya, ya cire su ya haɗa bakinsu da juna. Na biya kuɗi, na ƙara masa na goro, har da godiya. A raina na ce na dace da wanda ya san aiki.

Ni haifaffen Kano ne, aikin saye da sayar da citta ya kawo ni nan, kuma duk da shekarun da na yi a Kafanchan, wani lokacin sai in kama kaina ina auna abubuwa da ma'aunin Kano. Wannan na cikinsu. Maganar "ƙasarmu ƙasar zafi ce" tana da daɗin ji idan kana tsaye a Kofar Ruwa cikin watan Afrilu. Amma wanda ya taɓa fita daga Kafanchan da asuba cikin Janairu, ya bi ta gindin duwatsun Kagoro, ya wuce Manchok ya fara hawa zuwa Ganawuri da Vom, ya san akwai Najeriyar da ba a faɗa masa ba. Kafanchan kanta tana kan tudu, sama da mita 700 daga doron teku, Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200. Ga ruwan sama da ake yi mana tun daga Afrilu har Oktoba, wanda mutumin Kano zai ce an yi masa ƙarya idan aka ba shi labari.

Gargaɗi na farko ya zo mini cikin Janairun 2022. Mahaifiyarmu ta zo daga Kano, tana fama da tari da ciwon ƙirji, aka ba mu ranar ganin likita a Jos. Muka yi sallar asuba muka kama hanya. Ba mu kai Manchok ba na ji haƙoran Hajiya suna haɗuwa a bayan mota. Ƙanwata ta lulluɓa mata mayafi biyu da bargo. Na tuna ai motar nan tana da wani maɓalli mai ja da shuɗi, na murɗa shi gefen ja, na kunna fanka. Abin da ya fito iska ce mai sanyi kamar an buɗe firij. Hajiya ta ce, "Kai, kashe abin nan, so kake ka ƙarasa ni?" Na kashe. Haka muka isa Jos tana rawar ɗari, ni kuma kunya ta ishe ni. Amma da yake mu mutane ne masu saurin mantuwa, da hunturu ya wuce sai maganar ta wuce.

Na biyu shi ne wanda bai bar ni na manta ba. Cikin Agustan 2023 muna dawowa daga ta'aziyya a Kachia, mu biyar a mota, magariba ta yi mana bayan Zonkwa, sai ruwa ya tsuge irin na nan, wanda ba ya sallama. Dole muka rufe tagogi. Ba a yi minti biyar ba gilashin gaba ya yi fari fat daga ciki. Waifa tana aiki a waje, amma matsalar ba a waje take ba. Esin motar ya daɗe da mutuwa ban gyara ba. Wanda ke gefena ya cire hularsa yana goge mini gilashi, yana gogewa yana komawa. Ina leƙe ta 'yar kafar da ya share, kwatsam sai ga mace da ɗaurin itace a kai da yaro a gefenta, a bakin kwalta, kusa da Madakiya. Wallahi ban gan su ba sai da fitila ta haska ƙafafunsu. Na taka burki, motar ta ja ta karkace ta tsaya a ciyawa. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Matar ta tsaya ta dube mu, ba ta ce komai ba, ta ja hannun ɗanta suka wuce. Ni kuwa na fi minti goma ban iya tayar da motar ba, hannuna na karkarwa. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san abin da nake tunani a lokacin, ban da haƙƙin rai da zai hau kaina.

Washegari na fara neman wanda zai gyara mini hita. Gareji biyu aka yi mini dariya. A na uku aka ce a kawo kuɗi a sayo sabuwar fanka, alhali fanka lafiyarta lau, iska tana fitowa, zafi ne babu. Daga ƙarshe wani abokin ciniki ya kai ni wurin wani dattijo, ɗan asalin yankin nan, wanda ya yi aiki da hukumar jirgin ƙasa tun lokacin da tashar Kafanchan ke tashe, ya yi ritaya ya koma gyaran motoci a ƙofar gidansa. Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Bai taɓa sifana ba sai da ya ce in tayar da mota mu zauna mu jira. Muka yi kusan minti ashirin muna hira, sannan ya nuna mini allurar zafi a dashbod. Tana kwance can ƙasa, da ƙyar ta ɗaga.

Na ce, "Baba, ai abin da nake yaba motar da shi ke nan, ba ta taɓa zafi."

Ya ce, "Ɗana, wannan ba lafiya ba ce. Mutum ma idan jikinsa ya yi sanyi ƙalau ba murna ake yi ba."

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na bincika na tarar haka yake, shi ne nake so 'yan uwa su ji. Hitar mota ba ta da wata wuta tata. Ba ta ƙona ƙarin mai don ta yi zafi. Zafin inji ne, wanda dama asararsa ake yi, take ara. Ruwan da ke zagaya inji yana ɗauko zafi, wani kaso nasa ya bi ta tiyo ya shiga wata 'yar ƙaramar lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinta, iskar ta fito da ɗumi, ruwan ya koma inji ta ɗaya tiyon. Shi ke nan. Saboda haka idan hita na hura sanyi, ko dai ruwan bai yi zafi ba, ko bai isa wurin ba, ko kuma iskar ce ba ta bi ta kansa ba. A tawa motar, biyu daga cikin ukun nan ni na biya kuɗi aka yi mini su.

Shi kuma tamostat da aka ce na ƙasar ƙanƙara ne, ba ruwansa da yanayin gari. Ƙofa ce tsakanin inji da babbar lagireto. Idan inji na da sanyi sai ta rufe, ruwa ya riƙa zagayawa a cikin inji kawai har ya yi zafi da wuri. Idan zafin ya kai inda aka tsara, wani kakin da ke cikinta ya narke ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Ana buga lambar a jikinsa. Na irin motata 82 ne a ma'aunin Selshiyos, wasu motocin 88 ko sama da haka. To ina tambaya, wane gari ne a Najeriya zafinsa ya kai 82? Ko Maiduguri a tsakiyar bazara ba ta wuce arba'in da wani abu. Ke nan ko a Sakkwato kake, da safe injinka "mai sanyi" ne a lissafin waɗanda suka ƙera shi. Kuma duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara ya ga irin motocinmu suna yawo a Makka da Madina cikin zafin da ya fi namu, da tamostat ɗinsu a ciki, ba wanda ya cire.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar mai. Motocin yanzu ba irin Fijo 404 da 504 ba ne da iyayenmu suka sani, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, masu kafireto, waɗanda za ka yi musu duk abin da ka ga dama su haƙura. Na yanzu suna da ƙwaƙwalwa, wadda kanikawa ke kira birenbos, kuma akwai wata 'yar na'ura da ke gaya mata zafin ruwa. Muddin ta ji inji bai yi zafi ba, za ta ci gaba da ƙara masa mai, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci da safe. Motar da aka cire wa tamostat aka haɗa wa fanka dairek, musamman a kan doguwar hanya da sanyin safiya ko cikin ruwa, tana iya yin tafiyar gaba ɗaya da cok a jaye. Man da bai ƙone ba yana wanke bakin man da ke jikin silinda, yana gangarawa ya gurɓata na ƙasa, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa cin kansa a hankali. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ba mu damu ba. Amma tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, har lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024, duk wanda ke yawo da inji mai sanyi sadaka yake yi wa gidan mai. Ga shi shekarar 2023 ɗin ce cuta ta faɗa wa citta a yankin nan ta durƙusar da manoma da mu 'yan kasuwa baki ɗaya, lokacin da kowace naira ke da ciwo.

Yanzu bari in yi wa kanikawa adalci, domin akwai su cikin masu karanta ni, kuma wasunsu aminaina ne. Ba don mugunta suke cirewa ba. Tamostat yana lalacewa, kuma idan ya maƙale a rufe, cikin 'yan mintoci inji zai tafasa, gasket ya ƙone, wani lokacin kan inji ya lanƙwashe. Wanda ya taɓa ganin haka sau ɗaya, kuma mai mota ya zo ya tsaya masa a ka yana cewa shi ya kashe masa inji, ba zai so ya sake gani ba. Ga jabun kaya sun cika kasuwa, ka sayi sabo a kwali ya mutu cikin wata biyu. A wurin bakanike, cirewa ita ce hanyar da ba za a dawo masa da rigima ba, domin inji mai sanyi a hankali yake mutuwa, ba wanda zai danganta mutuwarsa da shi. Na fahimci wannan. Amma ban yarda da shi ba. Idan mota na zafi, akwai dalili: lagireto ta toshe, ko murfinta ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci, ko ruwa na zuba a wani wuri. Cire tamostat ɓoye ciwon ne kawai. Har ma akwai injinan da tamostat ɗinsu ke da wani faifai a ƙasa mai toshe gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe. Ka cire shi, wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa ba ya zuwa lagireto, motar ta zo tana zafi a Hawan Kibo, a rasa dalili.

Kuma mu masu motoci laifinmu ya fi nasu. Mu ne ba ma son jin an ce a sayo abu. Mu ne muke ɗura ruwan rijiya ko na kwata a lagireto shekara da shekaru, har ciki ya yi tsatsa ja kamar kunun kanwa. Ruwan kulan da ake sayarwa mai launin kore ko ja, mutane na cewa na hana daskarewa ne, mu kuma ba mu da ƙanƙara. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma yana kuma hana tsatsa, yana ɗan ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Hanyoyin da ke cikin 'yar lagireton hita sirara ne ƙwarai, su ne farkon toshewa idan tsatsa ta taru, su ne kuma farkon hujewa. Da ta fara ɗiga a kan kafet, sai a ce a haɗe tiyo a huta. Sai dai a kula, kulan guba ne kuma yana da zaƙi, kada a bar shi inda yara ko awaki za su kai.

Ga yadda Baba ya bi abin, ga wanda ke son ya duba tasa kafin ya je a yi masa ciniki. Da safe, inji na da sanyi, a buɗe murfin lagireto a ga ko ruwa ya cika. Idan ya yi ƙasa, hita ce ke fara rasa rabonta. Kada kowa ya kuskura ya buɗe murfin nan inji na da zafi, ruwan a matse yake, ya wuce zafin tafasa, zai yi tsalle ya sale fuska. Na san mai tabo a wuya har yau. Bayan nan a tayar da mota a jira. Idan allura ta ƙi kaiwa wajen tsakiya, ko ta hau a cikin gari ta faɗi a kan babbar hanya, to tamostat babu, ko ya maƙale a buɗe. Idan ta kai, a murɗa maɓalli zuwa ja, a taɓa tiyo biyun nan da ke shiga jikin mota ta bayan inji, a hankali, a nesa da fanka da bel. Idan ɗaya na da zafi ɗaya babu, 'yar lagireton ta toshe ko iska ta shige ta. Idan duka biyun na da zafi amma sanyi ke fitowa, to matsalar a cikin dashbod take, wata 'yar ƙofa ce da ke karkata iska zuwa gefen zafi, ko wayarta ta zame ko ɗan motan da ke juya ta ya mutu. Idan kuwa ana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, gilashi na yin maiƙo, kafet ɗin gefen fasinja na jiƙewa, to ta huje, sai canji.

Tawa ba ta huje ba, ashe lafiyarta ƙalau aka yanke ta. Baba ya sa tiyon ruwa ya wanke ta ta baya, wato ta inda ruwa ke fita, har sai da abin da ke zubowa ya daina ja. Tamostat kuwa ya ce kada in saya a ko'ina, na aika Kaduna aka nemo mini na asali, kuma da ya iso bai yarda da kwalin ba. Ya sa aka ɗora tukunya a kan murhu, ya ɗaure shi da zare ya zura cikin ruwan, muna tsaye muna kallo. Kafin ruwa ya tafasa sai ga shi ya buɗe baki a hankali. Da aka ciro shi ya huce, ya koma ya rufe. Sannan ya ɗaura. Ya mayar da fanka kan na'urarta yadda za ta riƙa tashi da kanta, ya canza murfin lagireto, ya zuba kulan, ya bar mota tana aiki da hanci a kan tudu har iskar da ke ciki ta gama fita. Duk abin da na kashe bai kai kuɗin cika tanki sau biyu ba.

Satin farko hankalina bai kwanta ba, in faɗi gaskiya. Shekara huɗu na saba ganin allura a ƙasa, yanzu ga ta a tsakiya, sai in riƙa jin kamar motar za ta kama da wuta. Na koma wurin Baba har sau biyu. Ya ce in dai ba ta wuce tsakiya ba in bar ta, nan ne gidanta. Ya kuma koya mini abin da ban taɓa ji ba: idan wata rana mota ta fara zafi a kan hawa kuma babu wurin tsayawa nan take, a kashe esi, a kunna hita har ƙarshe a buɗe tagogi, domin 'yar lagireton nan za ta taya babbar zubar da zafi har a samu inda za a faka. Wanda aka yanke wa hita ba shi da wannan dabarar.

Maganar gilashi kuma, wadda ita ta kai ni can. Hazon da ke rufe shi numfashinmu ne da damshin tufafi ke sauka a kan gilashi mai sanyi. Maganinsa a juya iska zuwa gilashi, a sa zafi, a buɗe wa iskar waje hanya maimakon wadda ke kewayawa a ciki, in akwai esi a haɗa da shi domin yana tsotse damshi. Cikin minti ɗaya ko biyu sai ka ga yana washewa daga ƙasa. Ina roƙon direbobinmu na haya masu bin Kaduna, Jos da Abuja, waɗanda ke ɗaukar mutum shida ko bakwai cikin ruwan Agusta da tsumma a kan dashbod, su dubi wannan magana. Tsumma na buƙatar hannu, hannun kuma na sitiyari ne. Shugabannin tasha da ke duba taya da fitila kafin mota ta yi lodi, ba zai gagare su su ce a kunna a ga ko iska mai ɗumi na fita ta gindin gilashi ba.

Da na je Kano da sallar da ta biyo baya, na biya garejin da aka yi mini aikin farko, ba don rigima ba, mun saba. Na buɗe masa bonet na nuna masa. Ya duba allura, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wa ya mayar maka da wannan abin? Kawo in cire maka kafin ya yi maka ɓarna." Na ce a'a, Oga, a bar shi. Hajiya ce ma na zo ɗauka, za mu kama hanyar Kafanchan da asuba.